Matan da Tsohuwar Manhaja Ta Zubar

Assalamu alaikum, masu bibiyar shafin nan. Waɗanda suka cika min akwatin saƙo da "Ni'ima kin ɓata, ko an ɗaura ne babu gayyata?" duk na gani. Ba a ɗaura ba, mai neman hoton lefe ma ta ƙara haƙuri. Ba biki ne ya ɓoye ni ba, wata manhajar kwamfuta ce ta saka ni a kwana. Na san za ku yi dariya kafin ku ji tausayina, ku yi, na yafe.

Ga sababbin zuwa: sunana Ni'ima Jalo, gidanmu yana Fadaman Mada a nan Bauchi, ina ƙarshen digiri na biyu a fannin ilimi. Akwai wanda nake so, Musaddiq, ɗan Ƙofar Wambai, yana da shagon tayil. Shekara biyu ke nan bawan Allah yana jira. Yarjejeniyar da Baffa, mahaifina, ya yi da manyansa ita ce sai na kare bincikena a gaban malamin da ake kawowa daga wata jami'a, sannan a sa rana. Ni na roƙi wannan sharaɗin da hawayena, domin so nake in shiga ɗakina da takardata a hannu.

Binciken nawa kuwa a kan matan aure ne: me ke sa wata ta ci gaba da karatu, me ke sa wata ta ajiye? Mata ɗari uku na bi da takardar tambayoyi, lungu-lungu, daga Ƙofar Dumi har unguwarmu. Zoɓon da na sha a gidajen mutane ya isa a yi walima da shi.

Irin lissafin da muke yi ana ce masa SEM. Kada sunan ya tsorata ku, zane ne. Za ka zana da'ira ka ce wannan ita ce "alkawarin miji kafin aure", ka zana wata ka ce "goyon bayansa bayan aure", wata kuma "ci gaba da karatu", sai ka ja kibiya daga wannan zuwa waccan. Ka zuba wa manhajar amsoshin mutane, ita kuma ta faɗa maka wace kibiya ce mai ƙarfi, wace ce ba ta riƙe komai ba. Mai ƙarfin sai ta ɗora mata taurari uku.

Kibiyata ta alkawari zuwa karatu taurari uku gare ta, cas. Ma'ana, macen da mijinta ya yi mata alkawari kafin aure, galibi tana gamawa. Ranar da na fara ganinsu, a falo na tsaya na karanta wa kowa kamar mai shelar ganin wata. Musaddiq ma har suna ya raɗa mata, wai "kibiyarmu".

To, ana haka tsohuwar laftof ɗina, wadda murfinta ya daɗe yana ɗaure da salatif, ta ce ga garinku nan. Allah ya taimake ni aikina yana kan filash. Kwana bai yi nisa ba Musaddiq ya aiko min da sabuwa fil a kwalinta, ruwan azurfa, siririya kamar faranti. A shagon da ya saya a kasuwar Wunti ya ce a saka mata duk abin da nake aiki da shi, su kuma suka saka sabuwar sigar manhajar. Tawa ta da siga ta bakwai ce, wannan ta goma sha ɗaya.

Da na buɗe ta sai na ji kamar na dawo daga tafiya na tarar an sake wa kicin tsari. Abin da na saba samu a hagu ya koma dama, maɓallin da nake dannawa ya shige ƙarƙashin wani, ga launuka kamar shagon atamfa. Ban damu ba, aikin ƙanƙane ne. Malamar da ke duba aikina, Dokta Cecilia, cewa kawai ta yi in ƙara girman zanen kafin a aika wa malamin waje. Na loda fayil ɗin, na danna, ina cin gyaɗa.

Taurarin suka ɓace.

Lambar da ke kan kibiyarmu ta faɗo daga 0.58 zuwa 0.11, babu ko tauraro ɗaya a kanta. Na sake dannawa. Na kashe laftof na kunna. Na yi bismillah na sake. Wallahi har tofi na yi mata, kada ku gaya wa kowa. Amsoshin nan dai su ne, zanen shi ne, ban taɓa ko ɗigo ba, amma sakamakon ya zama wani daban. Sai can idona ya kai kan layin farko, inda take rubuta yawan mutanen da ta yi aiki da su. Ɗari uku. Na janyo babi na huɗu da na riga na buga, na duba teburin da na kwafo daga tsohuwar: ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ni da kullum taurari nake kallo, ban taɓa tsayawa kan wannan layin ba.

Ko mayafi ban tsaya zaɓa ba, na yafa wani ruwan ƙasa a kan atamfa shuɗiya, na tari keke sai makaranta.

Dokta Cecilia ta sauke tabarau ta kalli takardun biyu, ta kalle ni.

"Zauna, Ni'ima. Ba laftof ba ne, ba aljani ba ne. Tsohon manhajan, in mutum ya tsallake tambaya ko guda ɗaya, zai jefar da shi gaba ɗaya, kuma ba zai yi miki ihu ba. Sabon yana riƙe kowa, yana aiki da abin da mutum ya amsa. Masu yin shi sun daɗe da canjawa, mu ne muke ta yawo da tsohon a filash. Ni ma ya kamata in lura."

"To wanne ne daidai, Ma?"

"In mantuwa ne ya sa suka tsallake, duka biyu za su ba ki kusan abu ɗaya. Tunda sun rabu haka, ba mantuwa ba ne. Buɗe mu ga su wane ne."

Muka buɗe. Mata tamanin da tara. Kusan dukkansu sun amsa cewa e, an yi musu alkawari kafin aure. Kusan dukkansu sun amsa cewa sun bar karatu. Kuma wuri ɗaya suka bari fili, tambaya ta goma sha huɗu: "Yaya za ki kwatanta goyon bayan da mijinki yake ba karatunki?"

Wato tsohuwar manhajar ta kwashe waɗanda alkawarin bai yi wa rana ba ta zubar, ta bar min waɗanda ya yi wa, ni kuma na hau murna. Ku duba fa, a gidan da na tashi, Dada mahaifiyata har yau ba ta iya kiran sunan 'yarta ta fari saboda kunya, sai dai ta ce "waccan". A wannan gidan na girma, amma na zauna na rubuta tambayar da ke neman mace ta ba mijinta maki a takarda, na kuma ɗauka kowa za ta cika.

"Yanzu ya zan yi, Ma?"

Ta juyo min da laftof ɗin, ta nuna wani ɗan akwati a can ƙasan shafi, bai kai ƙwayar wake ba.

"In kin danna wannan, sabon zai yi aiki irin na tsohon. Taurarinki za su dawo. Littafi bai hana ba, in kin rubuta cewa haka kika yi, kuma ba lalle wani ya tambaya ba. In kuma sabon za ki bi, babi na huɗu da na biyar sun rushe, sai an sake gini. Kare binciken, difens na wannan zango, ya wuce ki ke nan, sai baɗi."

"Ma, ki zaɓa min don Allah."

"Sunanki ne a bangon littafin, ba nawa ba. Ranar Litinin nake aikawa."

Na dawo gida na tarar da Baffa a rumfarsa kan buzu, rediyo na gefe yana ta surutunsa. Na durƙusa na yi bayani tun daga da'ira har kibiya. Ya saurare ni har ƙarshe, domin Baffa ba ya katse mutum, sai dai ya yanke hukunci ya bar ka da shi.

"Ni'ima, na ba mutanen Ƙofar Wambai magana. Na ce musu bayan wannan zango. Ban ce musu sai kwamfuta ta yarda ba. In kin kare, alhamdulillahi. In ba ki kare ba, a sa rana, ki ƙarasa a ɗakinki."

"Baffa, ai shi ne abin da nake gudu."

"Ba ke kika tsaya a falon nan kika karanta mana cewa alkawari yana riƙe mace a makaranta ba? Yaron nan ya yi alkawari, a gabana ya yi."

Da makamina aka sare ni. Dada kuwa da ke tankaɗe a ƙofar kicin ta samu abin da take jira.

"Goggonninki sun hana wayata sakat. Sa'anninki na kai yara makaranta, ke kina kai kwamfuta. Yau kuma wai kibiya ce ta karye. To a ɗaure ta da salatif mana, yadda kika yi wa tsohuwar laftof ɗinki."

Da a wani lokaci ne da na yi dariya. Na shige ɗaki na kwanta rigingine ina kallon silin. In na danna akwatin, in kare a kan lokaci, in shiga da takardata, amma takardar tana faɗin abin da na san ba haka yake ba. In ban danna ba, a ɗaura kafin in gama, in shiga da alkawari kaɗai, wanda yanzu na san nauyinsa 0.11. Gaba kura, baya sayaki.

Bayan la'asar Musaddiq ya zo. Shadda ruwan toka, hula ta zauna daidai, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa zaure, ga ledar balangu a hannu. Ku yi min adalci, mutumin nan ba mugu ba ne, kuma in ya yi murmushi sai in manta rabin abin da na shirya faɗa.

"Farfesa, wa ya taɓa min ke? Kin faɗa kamar mai azumi."

Na faɗa masa komai. Ya saurara yana gyaɗa kai, har na fara jin sanyi a raina. Da na kai kan ɗan akwatin sai ya yi dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"Haba Farfesa! Akwati ɗaya? Shi ne kika tayar min da hankali? Malamarki ma ta ce ba laifi ba ne. Ni a shago in kwalin tayil ya zo da fasassu, ware su nake yi in ƙirga masu kyau."

"Yaya Musaddiq, mutane ne fa, ba tayil ba."

"Na sani, misali ne. Amma su suka ƙi cikawa, ba ke kika hana su ba." Ya rage murya. "Hajiya, mahaifiyata, ta fara cewa anya yarinyar nan tana so kuwa. Kullum ni ke tare miki. Ki taimake ni ki danna abin nan mu huta. Da na san haka sabuwar za ta yi, da tsohuwar na ce su saka."

Abin da ya fi ci min rai shi ne gaskiya ya faɗa. Da tsohuwar suka saka, da yanzu ina zaɓen ɗinki da zuciya ɗaya. Na karɓi balangun na yi godiya, na kai wa Dada ko buɗewa ban yi ba.

Ranar Juma'a Adda Ikilima ta zo, yayata, wadda Dada ke kira "waccan". Duk Juma'a takan zo ta yi wa Baffa masa, don ya ce ta kowa ba ta kai tata ba. Adda tana aji biyu a jami'a tana karanta lissafi aka yi mata aure, yanzu 'ya'yanta huɗu. A gidanmu ita ce mai ƙwaƙwalwar, ni mai naci ce kawai. Na zauna kan kujera 'yar tsuguno ina miƙa mata ƙullu, tana zubawa a tanda, ina ba ta labari don in rage nauyin ƙirjina. Ita kaɗai ce ba sai na maimaita mata bayanin kibiya ba.

"Wace tambaya suka tsallake?" ta ce, idonta na kan tanda.

"Ta goma sha huɗu."

Ta juya masa ɗaya, ta juya ta biyu. Mai yana ta ƙara.

"Ta goyon baya ko? Ni ma ban cika ta ba."

Na manta ma cewa tana cikin na farkon da na ba takardar. Babu suna a jiki, ban taɓa sanin wacce ce tata ba.

"Adda..."

"To me zan rubuta, Ni'ima? In ce ba ya yi, uban 'ya'yana, a takardar da ban san hannun da za ta faɗa ba? In ce yana yi, in yi ƙarya? Sai na tsallake." Ta share goshi da bayan hannu. "Kuma kada ki ɗauka hana ni ya yi. Wallahi bai taɓa cewa kada ki je ba. Yau babu mai a mota, gobe mahaifiyarsa ba lafiya, jibi ga ciki, a bari a haihu, a bari a yaye. Ranar da na je in koma, aka ce sunana ya daɗe da fita. Ya ce Allah sarki, ya saya min atamfa."

Tunda nake ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Kullum cewa take yi ita ta gaji da boko. Na tuna ranar da na karanta taurarina a falo, tana zaune tana shayar da autarta, ta ce "Ma sha Allah" ta ci gaba da kallon jaririyar.

"Ashe zubar da ni injin ya yi," ta ce, ta yi 'yar dariya. "To ai ya iya aiki."

Hawaye suka zubo min, na ce, "Ba zan danna ba, Adda. Wallahi ba zan sake zubar da ke ba."

Ta ajiye cokalin ta juyo gaba ɗaya, fuskarta babu wasa.

"Ke, saurara. Ki danna."

"Adda?"

"Na ce ki danna. Ki karɓi takardarki ki shiga da ita. Mu an riga an zubar da mu, ƙirgawarki ba za ta mayar da ni aji ba. Kada ki biyo mu don kawai ki ƙirga mu. In kin zama dokta kya dawo ki rubuta gaskiyar."

"In kuma ban dawo ba fa? A bari a haihu, a bari a yaye?"

Ta ɗauki cokalin ta kwashe masar da ta fara ƙonewa, ta ce in miƙo mata kwano.

Jama'a, ku faɗa min inda zan sa kaina. Wanda nake so ya ce in danna. Wadda zan zubar ma ta ce in danna. Ni kaɗai ce na rage, da wata manhaja da wasu mutane a wata ƙasa suka gyara ba tare da sun san akwai Adda Ikilima a duniya ba. Haushinsu nake ji, kuma na kasa cewa ba su kyauta ba.

Da aka sauko daga masallaci na shiga ɗaki na buɗe laftof a kan gado, na kai linzamin kan ɗan akwatin na bar shi nan. Na ce bari in yi abu ɗaya tukuna. In har zan bi gaskiya in jira baɗi, to a ɗakin Musaddiq zan jira, ya kamata in san ƙasar da zan taka. Na ɗauki waya na rubuta masa:

"Yaya, an sauko lafiya?"

"Ka ci abinci? Adda ta yi masa, in aiko maka?"

"In tambaye ka. In ban danna ba, aka ɗaura kafin in gama, za ka tsaya min har in kare? Ko da ciki, ko da Hajiya ta ce in zauna?"

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, har na ce wasiƙa ce za ta zo. Ya sake tsayawa. Daga tsakar gida Dada tana ƙwala min kira, wai mai atamfa ta kawo samfurin anko in fito in zaɓa. Na ce ina zuwa, ban motsa ba.

Sai ga saƙonni sun shigo a jere.

"Lafiya lau Farfesa, alhamdulillah."

"Masar Adda ai ba a ƙi, a aiko da yawa, har da yaji."

Sannan hotuna biyu na labule, da rubutu a ƙasa: "Na falo, ruwan zuma ko ruwan toka? Mai shagon yana jira."

Na jira. Na ga ya sauka daga layi. Da a makon jiya ne, da na ce bai gani ba, in zaɓi ruwan zuma, in tura masa hoton zuciya. Na koma sama na sake karantawa a hankali. Ya amsa ta farko, ya amsa ta biyu, ya bar ta uku fili.

Na san wannan tsallaken. Sau tamanin da tara na gan shi, kuma babu wadda ta yi shi da mantuwa.